DAGA ZANGON FAGGE ZUWA BOMPAI: YADDA HANYA TA YI WA KANO SUNA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya natsu.

Duk lokacin da maganar jirgin ƙasa na cikin garin Kano ta taso, sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce ɓarnar kuɗi ce, ga asibiti ga makaranta suna jira. Wasu su ce ai Legas da Abuja sun yi, mu ma dole mu yi. Daga nan sai magana ta koma ta jam'iyya, a yi ta jifan juna har a gaji. Ni dai ina ganin akwai abin da muke tsallakewa, wato tarihin garin kansa. Duk wani suna da Kano ta yi a duniya, hanya ce ta yi mata shi: sauƙin da baƙo yake samu ya shigo da kayansa, ya isa kasuwa, ya koma gida lafiya. Babu inda ya fi nuna wannan kamar Bompai.

Mu fara daga baya kaɗan. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ake danganta kafa kasuwar Kurmi da shi, Kano ta gane cewa ciniki yana bin wanda ya iya karɓar baƙo. Ayarin fatake idan ya keto Sahara, akwai zangon da zai sauka a Fagge, raƙuma su huta. Akwai fatoma, mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Daga zango zuwa Kurmi hanya ce sananniya, baƙo ba ya ɓata. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu. Turawa da yawa ta bakinsa suka fara jin girman garin. Wato tun a wancan lokaci akwai tsari: mashiga, masauki, kasuwa, kuma ukun a haɗe suke.

Sai jirgin ƙasa ya zo. Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne, shi ya tura aikin layin Baro zuwa Kano. Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, kuma a 1912 aka buɗe shi sosai, har aka haɗa shi da layin da ya taso daga Legas. Turawa auduga suke so don masaƙun Ingila. Manomanmu da attajiranmu suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma idan kasuwa ta faɗi ko ba komai ana cin ta. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Najeriya ta haura tan 19,000, alhali shekara ɗaya kafin nan tan dubu biyu da 'yan kai ce. A wannan guguwar ce su Alhassan Ɗantata suka zama manyan masu sayen gyaɗa. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da sito-sito a gefen tasha, Kwarori da Larabawa suka biyo baya, Sabon Gari ya cika da ma'aikatan reluwe da akawu daga Kudu. A 1930 aka kai reshen dogo har Nguru.

Ga wani abu da ba kasafai muke faɗa ba game da dalar gyaɗa. Muna alfahari da ita, ta shiga hotuna da littattafan makaranta, kuma ta cancanta. Amma abin da ya sa buhuna suke taruwa su yi tsiri haka, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne gyaɗa ta fi ƙarfin tarago. Jirgi ba ya iya kwashe ta da wuri, sai a jera ta a rufe da tamfol tana jiran layi. Kun ga ke nan alamar da duniya ta fi sanin Kano da ita, rabinta arzikin noma ne, rabinta kuma labarin sufuri ne.

Yanzu mu ɗaga kai sama. A watan Nuwamba na 1925, zamanin Sarki Usman, jiragen sama uku na sojan Ingila, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano, kafin a miƙa ta zuwa Legas. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙi da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana suna bi ta Kano da Maiduguri su wuce Sudan da Masar. Bayan yaƙi kuwa, jirage masu farfela ba sa iya zuwa daga Turai har kudancin Afirka ba tare da sun sha mai a hanya ba, kuma Kano ce babban gari na farko bayan an gama ketare Sahara. Shi ya sa su BOAC da KLM da Sabena suka mai da ita zango. KLM ta fara sauka a nan tun 1947. A 1957 aka buɗe sabon ginin filin jirgin. Akwai lokacin da Bature zai iya rasa sanin garuruwa da yawa na Afirka ta Yamma, amma ya san Kano, don a nan ya sauka ya sha shayi ana zuba wa jirginsu mai.

Mu ma mun ci moriyar wannan ta wani fannin. Aikin hajji da a da ake shafe watanni ko shekaru ana yi a ƙasa ta Sudan, ya koma na mota, sannan na jirgin sama, kuma attajiran Kano irin su Haruna Kassim da Mahmud Ɗantata suna cikin waɗanda suka shige gaba wajen jigilar alhazai. Wapa ɗin nan ta Fagge da muke zuwa canjin kuɗi, sunanta daga kamfanin jigilar alhazai na wancan zamani ya samo asali. Alhazai daga ko'ina a Arewa, har da maƙwabtanmu na Nijar, Kano ce ƙofarsu.

To, a tsakiyar waɗannan biyun, tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama, aka shimfiɗa Bompai a shekarun 1950. Wanda ya zaɓi wurin ya san abin da yake yi. Layin Nguru yana wucewa ta gefenta, aka ja ƙananan rassan dogo zuwa bakin masana'antu, yadda tarago zai shiga a sauke masa ko a loda masa kaya. Filin jirgi yana kusa, injiniyan da zai zo gyaran inji daga Turai ko Beirut zai sauka, ya kwana a Central Hotel da ke kan titin Bompai, da safe yana bakin aiki. Masana'antun matse man gyaɗa suka fara, sai masaƙu, da masu yin alewa, turare, kwanukan sha, takalma da sabulu. Kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills yana nan a titin Maimalari, kamfanin keken Raleigh ma ya yi zamaninsa. Da Bompai ta cika, aka buɗe Sharaɗa da Challawa a kudu maso yammacin gari, su ma a gefen babban layin da ya taso daga Zariya. Majemun fata da suka yi suna a can sun gaji sana'ar da Kano ta daɗe da ita, ta fatar da Turawa suke kira fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa take fitowa. Da wannan ne Kano ta zama gari na biyu a masana'antu a Najeriya, bayan Legas.

Sai dai a nan ne gizo yake saƙa. Dogon da Turawa suka shimfiɗa, don kaya aka yi shi. Manufarsa ya kwashi gyaɗa, auduga da fata ya kai bakin teku. Ba a taɓa tsara shi don ya ɗauki lebura daga gidansa zuwa bakin aiki ba. Ma'aikatan Bompai sun zauna a Birged, Gwagwarwa, Tudun Wada da Dakata ne saboda a nan za su iya takawa da ƙafa ko su hau keke su isa kafin jiniya ta yi kuka. Filin jirgin sama kuwa, duk da shekarunsa, ba a taɓa haɗa shi da tashar jirgin ƙasa da wata hanyar sufuri tsayayya ba, alhali tazarar da ke tsakaninsu ta 'yan mintuna ce idan babu goslo. A lokacin da garin yake ƙarami, ba a ji zafin wannan giɓi ba. An ma yi babban tsarin raya birnin Kano na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda ake kira tsarin Trevallion, amma garin ya girma ya bar takardar a baya.

Daga nan abubuwa suka fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Fari na 1973 zuwa 1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka rushe dala. Kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta juya ga tituna, tirela ta karɓe kayan da tarago yake ɗauka. Hukumar jiragen ƙasa ta raunana har aka ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya riƙe ta daga 1979 zuwa 1982, bayan tafiyarsu kuma ta koma gidan jiya. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da ake shigowa da su suka yi tsada, wuta ta zama sai an ga dama, kayan waje masu araha suka cika Kwari. A sama ma zamani ya juya: jirage masu ƙarfi suka daina bukatar tsayawa shan mai, babban birni ya koma Abuja a 1991, kamfanoni suka bi inda ofisoshin jakadanci suke. KLM da ta shekara sittin da biyar tana sauka a Kano ta tattara a 2012.

Ba na cewa rashin jirgin ƙasa shi kaɗai ya rufe masana'antun Bompai. Wuta, tsadar kuɗin waje da fasa-ƙwauri sun fi shi laifi. Amma ku yi lissafi da ni. Mai masana'anta a Kano yana nesa da teku da fiye da kilomita dubu. Abin da ya sa yake iya gogayya da na Ikeja a da shi ne tarago yana kawo masa kaya da araha har ƙofa. Ranar da dogo ya tsaya, kowane kwantena sai ya hau tirela, ya biya kuɗin mai, ya biya na shingaye, ya yi kwanaki a hanya. Wannan ƙarin kuɗi yana kan kowane yadi na atamfa da kowane katan na sabulu. Yau idan ka zaga Bompai za ka ga wasu masana'antun sun zama sito na ajiye kayan da aka ƙera a wata ƙasa, ka ga ƙarfen dogo ya nutse cikin ƙasa, wani wurin an yi gini a kansa.

A cikin gari kuma, giɓin da aka bari talaka ne ya cike shi da dabararsa. Zamanin hayis da tasi, sai zamanin acaɓa. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babur mai ƙafa uku ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da farko don ɗaukar mata, sunan shirin ya bi abin hawan har yau. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa, adaidaita ta gaje garin baki ɗaya. Ina girmama waɗannan matasa, da guminsu Kano take motsi, kuma gidaje da yawa da su suke cin abinci. Amma kowa ya tuna yajin aikinsu na Fabrairun 2021 da na Janairun 2022: ɗalibai a ƙafa, ma'aikata a bayan akori-kura, kasuwa rabi a rufe. Gari mai miliyoyin mutane da abin hawa mai ɗaukar mutum uku ko huɗu ne kaɗai ƙashin bayansa, wallahi a kan siraɗi yake tafiya.

Me ya haɗa wannan da sunan gari a duniya? Baƙo ba ya karanta kasafin kuɗinmu. Abin da yake gani shi ne sa'arsa ta farko bayan ya fito daga filin jirgi. Shin akwai abin hawa mai tsayayyen farashi, ko sai ya yi ciniki da mutum biyar a bakin ƙofa? Zai iya cewa ƙarfe goma zan isa Sharaɗa, ya kuma isa ƙarfe goman? Mai son zuba jari yana da wata tambayar a kan wannan: ma'aikatana ɗari biyar, yaya za su iso aikin dare, nawa ne daga albashinsu zai tafi a kuɗin mota? Amsoshin nan su yake komawa da su gida, su yake faɗa wa abokansa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma fuskar gari ita ce hanyar da ta tashi daga filin jirginsa.

Ba sai mun je Landan neman misali ba. Alhazanmu sun ga jirgin Haramain da aka buɗe a 2018, wanda ya haɗa Makka, Jidda da Madina, da tasha a cikin filin jirgin saman Jidda. Duk wanda ya taɓa yin tafiyar Makka zuwa Madina a bas, ya kuma yi ta a wannan jirgi, ba ya bukatar a yi masa bayani. Afirka ta Kudu ta buɗe Gautrain daga filin jirgin Johannesburg a Yunin 2010, kwanaki kaɗan kafin gasar cin kofin duniya, don sun san idon duniya a kan ƙofar shiga zai fara sauka. A Kasablanka ta Maroko, jirgin ƙasa yana shiga har ƙarƙashin ginin filin jirgi. Dakar ta buɗe nata jirgin a Disambar 2021. Legas ta fara da manyan bas masu layinsu daban a 2008, ta shekara goma sha biyar kafin jirginta na farko ya fara ɗaukar fasinja a 2023.

Akwai kuma darasin da ya fi kusa da mu, kuma ya fi ɗaci. Abuja ta buɗe jirgin da ya haɗa filin jirgin sama da tsakiyar gari a Yulin 2018. Ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024. Tashoshi da dama an gina su nesa da inda mutane suke zaune, wasu ko titin shiga mai kyau babu. Adis Ababa ma ta buɗe nata a 2015 da babban biki, bayan 'yan shekaru taragai da yawa suka kwanta saboda rashin kayan gyara. Mu da muke aikin gwamnati mun san wannan ciwo: kuɗin sabon aiki yana da masu tsaya masa, don akwai kwangila da yanke zare, kuɗin gyara da kulawa kuwa maraya ne, shi ake fara yankewa idan kasafi ya matse.

Kano ma ta ji alkawura. A 2016 aka sanar da yarjejeniyar jirgin cikin gari da wani kamfanin Sin, ta kusan dala biliyan 1.85, aka yi ta muhawara a kan bashin, aikin bai tashi ba. A ɗaya gefen, akwai ayyukan da ake gani da ido: a 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, da kuma na Kaduna zuwa Kano. A Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki. Ga sabon ginin filin jirgin Malam Aminu Kano, ga su EgyptAir, Ethiopian da Qatar Airways suna sauka. Wato gaɓoɓin suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Tsorona shi ne kowace gaɓa ta tsaya ita kaɗai, mu maimaita giɓin da Turawa suka bar mana, wannan karon da bashin da jikokinmu za su biya.

Don haka idan maganar jirgin cikin gari ta sake tasowa, maimakon mu tambayi wace jam'iyya ce ta kawo ta, ga abin da nake ganin ya kamata mu tambaya.

Na farko, ina layin zai bi? Idan bai haɗa filin jirgin sama, sabuwar tashar jirgin ƙasa, manyan kasuwanni irin su Kwari, Singa da Dawanau, da kuma Bompai, Sharaɗa da Challawa ba, to ado ne kawai. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya sauka daga jirgin ƙasa ya kamata ya iya isa Kwari ko filin jirgin sama ba tare da ya ɗora kayansa a kan adaidaita uku ba.

Na biyu, me za a yi da tsohon layi? Daga Challawa, ta Sharaɗa, zuwa tsohuwar tasha, a wuce ta gefen Bompai zuwa Jogana, akwai hanya a shimfiɗe da ta ratsa tsakiyar gari, wadda kakanninmu suka riga suka biya. Abin da ya fi tsada a irin wannan aiki shi ne rusau da biyan diyya. Legas ta bi filin tsohon layin dogo ne ta shimfiɗa jan layinta. Duk shagon da aka bari aka gina a kan filin dogo yau, diyya ce da za mu biya gobe. Kare wannan fili ba ya bukatar bashin ƙasar waje, doka kawai yake bukata da mai tsaya mata.

Na uku, wa zai riƙe shi bayan an yanke zare? A nuna mana kuɗin gyara na shekara goma, da inda wuta za ta fito, da yaran da za a horar su zama injiniyoyinsa. A kuma faɗa mana matsayin masu adaidaita a cikin tsarin. Idan aka mai da su masu kai fasinja daga unguwa zuwa tasha, za su zama abokan aikin. Idan aka ce za a kore su ne kawai, an sayi rigima tun kafin a fara.

Kafin duk wannan, akwai abin da za a iya yi a bana ba sai baɗi ba: bas mai tsabta, mai tashi a kan lokaci, mai rubutaccen farashi, daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar gari, da wasu irinta masu kai ma'aikata Bompai, Sharaɗa da Challawa safe da yamma. Garin da ya kasa tafiyar da bas ashirin a kan lokaci na shekara biyu a jere, da wuya ya iya riƙe jirgin ƙasa. Idan kuwa ya iya, to ya samu hujjar da zai nuna wa duk mai ba da bashi.

Fatoman Fagge bai yi digiri a tsara birane ba, amma ya san cewa baƙon da ya sha wahala tsakanin zango da kasuwa, baɗi wani garin zai nufa. Yau 'yan kasuwar Nijar, Chadi da Kamaru da muke taƙama da su suna da zaɓi, jirgi yana kai su Dubai da Guangzhou kai tsaye ta wasu garuruwan. Sunan da muka gada ba zai riƙe su har abada ba.

Iyayenmu da yayyenmu da suka yi aiki a Bompai lokacin da tarago yake shiga har cikin masana'anta, don Allah ku ƙara mana bayani, ku kuka gani da ido. Allah ya raya Kano, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da zai amfani na baya.